Abin da Ya Cinye Muryar Shitu

Jumai ta dire faifan a kan teburin Sagiru har kofin shayinsa ya fantsala.

"Saka ka ji abin da ka ba ni."

Sagiru, mai shagon kwamfuta na bakin tashar Rano, ya miƙe tsaye. "Inna, sannu da zuwa. Ki zauna mana."

"Ban hau acaɓa tun daga Fammar don in zauna ba. Saka."

Ya saka. Muryar namiji ta fito a hankali: "Salamu alaikum, Inna, ni ne Shitu. Ina gaishe ki, ina gaida Barira da yara. Abin da nake so in gaya miki..." Daga nan sai shuuu, kamar ana soya gyaɗa a yashi, haka har ƙarshen faifan.

Shitu ɗanta ne, shi kaɗai namiji. Ya tafi Libiya aikin gini, kuma da yake ya san uwarsa ba ta karatu, kaset yake aiko mata. Wannan ne na ƙarshe kafin yaƙi ya rutsa da shi a can, ko gawarsa ba a gani ba. Ta saurari kaset ɗin har muryar ta fara rawa, shi ne aka ba ta shawarar ta kai a juye mata a faifai. Ran da ta kawo, ana gama juyewa zaren ya cukurkuɗe a cikin rikoda ya tsittsinke, baƙinsa ya manne a yatsun Sagiru. Ya ce kada ta damu, ai murya ta riga ta shiga kwamfuta.

"Ka ce kada in damu. Da bakinka ka faɗa, ko ƙarya na yi maka?"

"Na faɗa, Inna. Wallahi ba naki kaɗai ba ne, tun da na sa intanet kwamfutar take lalata aikin mutane. Ga injiniya ma na ɗauko daga Kano."

A lungun shagon wani mutum ya tsuguna gaban kwamfutar, ya buɗe cikinta. Uzairu sunansa. Ya goge hannu ya matso.

"Hajiya, bari in yi miki bayani."

"Ban je Makka ba. Yi bayaninka."

Ya nuna mata wani ɗan falle kore, bai kai tafin hannu ba. "Kwamfuta tana da fili a cikinta, inda take shanya aiki kafin ta adana. Wannan katin shi ke shigo da kaya daga intanet. Don sauri, ba ya tsayawa neman izini, kai tsaye yake juye kayansa a filin. Shi ya sa dole a yanka masa wurinsa, daga nan zuwa nan, kuma kada a ba kowa wurin sai ya gama. To, wanda ya rubuta manhajar da ke tafiyar da shi ya yi kuskure, yana sakin wurin tun kati bai gama ba. Kwamfuta ta ga fili ta shanya muryar. Kati ya zo ya juye kayansa a kai."

Jumai ta daɗe tana kallon abin. Duk bayanin nan ta gane shi sarai, don ta taɓa shanya dawa shanu suka bi ta kai.

"Kayan wa ya juye a kan ɗana?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. "Wani ne yake sauke wasan ƙwallo."

"Ƙwallo." Ta gyara mayafinta. "To a kwashe ƙwallon a ga na ƙasa."

"Ba rufewa yake yi ba, Inna," in ji Uzairu, "maye gurbi yake. Na ƙasan babu shi. Na duba wanda aka adana, shi ma haka yake."

"Shi wanda ya yanka iyakar, ɗan gidan waye?"

"Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ban san sunansa ba. Kamfanin da ya ƙera katin ma an ce ya rufe."

"Kai, duk ɓarna da mai ita. Ni ba a haife ni jiya ba."

Ta ɗauki faifanta ta fita, ta taka da ƙafa har kotu. Tun da aka dawo da shari'a take jin ana cewa a rediyo yanzu talaka zai sami haƙƙinsa, ita kuwa ba ta taɓa zuwa karɓar nata ba sai yau. A baranda ta sami magatakarda, dattijo mai furfura. Ya saurare ta tiryan-tiryan bai katse ta ba, da ta ambaci Shitu ma sai da ya yi masa addu'a.

"Baba, mai shagon kike ƙara?"

"Wancan sakarai ne kawai, ba mugu ba. Mai iyakar nake nema."

"Sammaci sai da suna da gari. Wa zan aika wa?"

"Ku da kuka yi karatu ba ku sani ba, ni zan sani?"

"Ki yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin da shi na zo. Wani abu nake so in koma da shi."

Ta tsaya tana jira ko zai ƙara magana, sai ta ga ya juya ga na bayanta.

Da ta koma shagon an riga an zare katin, yana kan tebur kusa da kofin shayi. A Fammar, dabbar da ta yi ɓarna a gona kama ta ake yi a ɗaure, ba a sakinta sai mai ita ya zo ya tsaya gaban mutane. Ta miƙa hannu.

"Ba ni shi. A hannuna zai zauna har mai shi ya zo."

Ta zo da shirin rigima, ta zaci za su hana. Uzairu ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ɗauki, Inna. Da ma yar da shi za mu yi."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta ƙulle shi a bakin zani ba ta yi musu sallama ba.

La'asar sakaliya ta isa gida. A tsakar gida akwai turken da Shitu yake ɗaure ragonsa, tun tafiyarsa ba a cire ba. Ta samo igiya ta zura ta cikin hujin ƙarfen katin, ta ɗaure tamau a turken. Barira, matar Shitu, ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Inna, mene ne wannan?"

"Mai ɓarna ne. Kada yara su kwance shi."

"Har yaushe?"

"Sai mai shi ya zo."

Barira ta koma madafa.

Jumai ta jawo rediyo mai cin faifai, wanda shi Shitun ya aiko, ta zauna a tabarma ta kunna. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ya gaida Barira da yara. Ƙarar ta taso. Ba ta kashe ba, don maganar duk ta haddace ta. Ta shiga faɗa a madadinsa, a kan ƙarar: a gyara katangar gabas kafin damina, kada a sayar da gonar fadama, ta rage cin goro saboda haƙoranta. A daidai nan yakan yi dariya.

Ta tsaya, ta lalubi dariyar a cikin kanta. Ta san ya yi ta, ta san inda ya yi ta, amma yadda take fita ya ƙi zuwa. Ta ƙara wa rediyon murya, ta kara kunnenta.