Injin da Ba Ya Tashi Shi Kaɗai

Shekara goma sha ɗaya Ɗangiwa da Lauwali suka yi suna cin tuwo a akushi ɗaya a rumfar gurzar auduga ta wani kamfanin Turawa a Tambuwal. Ɗangiwa mai zuba wa injin gas mai ne, Lauwali kuwa shi ya san sirrin wayoyi. Da kamfanin ya tashi rufewa, shekara uku kafin Turawa su tafi, Baturen ya yi musu rabo. Ɗangiwa ya sami injin gas, da famfo mai aiki da lantarki, da janareta. Lauwali ya sami wani injin da ke cin wuta ya juya magurza.

Janaretan da injin Lauwali kamar tagwaye suke, duk fenti kore. Lauwali ya sha faɗa masa bambancinsu: janareta, mai zobban tagulla da gawayi a ciki, yana da maganaɗisun kansa, shi ke haifar da wuta, kuma juyinsa daidai yake da bugun wutar. Ɗayan bi yake yi, kullum yana ɗan baya. In aka juya shi da ƙarfi zai ba da wuta, amma sai an haɗa shi da wani da ke aiki. Ɗangiwa kai kawai yake gyaɗawa. Me zai sa ya wahalar da ƙwaƙwalwa, ga amininsa?

Ranar tafiya aka yi gwaji, Lauwali da kansa ya ɗaura bel, ya haɗa wayoyi, famfo ya feso ruwa har kan rigar Ɗangiwa. Suka yi dariya, aka ɗora kaya a mota.

A Kebbe, garinsu, Ɗangiwa ya cika baki, ba laifinsa ba ne, ya ga ruwa da idonsa. Ya sa maƙwabta bakwai suka dasa albasa a kan tudun da jigo ba ya kaiwa, har da Maimuna, gwauruwar yayarsa, wadda ta zuba irinta duka. Aka tayar da injin gas, ya yi ruri, bel ya juya. Famfo ko tari bai yi ba. Kwana tara yana kwancewa yana ɗaurawa, dashe yana kwantawa a gaban idon masu shi. Rana ta goma ya cire murfin bayan janaretan. Babu zobe, babu gawayi.

Ya iske Lauwali a wani lambu bayan Tambuwal, ruwa na gudu cikin kwalbatai, koren inji na waƙa a ƙarƙashin zana.

"Wanga shi na nawa, Lauwali."

"Sun yi kama, Ɗangiwa. Kuskure na, lebura sunka ɗauka."

Ɗangiwa ya so ya yarda, wallahi ya so. Amma sai kunnensa ya tuna masa abin da ya ji ranar gwaji: ƙarar wani inji a bayan rumfa, da wata waya da ta bi ta ƙarƙashin zana. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"In kuskure na, ran da ka gwada mini, don mi ka bar wanga shina aiki bayan rumfa?"

Lauwali ya sunkuya yana gyara bakin kwalbati da ƙafa.

"Ai na sha gaya maka bambancinsu," ya ce a hankali. "Ba ka saurara ba."

"Ban saurara ba don da kai na dogara."

Ya juya ya kama hanyar Kebbe, yana neman kalmar da zai faɗa wa Maimuna.