Adda a Layin Shiga Kyauta

Ni dai ban ɓoye wa kowa ba, a makon nan haushin Adda nake ji. Adda mahaifiyarmu ce, haka muka taso muka ji ana kiranta, mu ma muka bi. Abin da ya haɗa ni da ita kuwa bai wuce maganar Hamma Salahuddeen ba, yayana, ɗanta na fari.

Duk wanda ya san gidan Fulani ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa ta kalle shi a gaban mutane. To Adda ta ɗauki kunyar nan ta kai ta inda ba a kai ta. Mutum ya doshi arba'in, ga mata ga 'ya'ya, amma in ya zo gaishe ta a gidana na Tumfure sai ta amsa tana kallon kaji.

Shi Hamma tun muna ruga yake gina shanun laka. Kowane yaro yana yi ya bari, shi ne bai bari ba. Da muka dawo gari sai ya mai da abin sana'a, ya kama ɗan shago a Jekadafari yana yi wa makarantu ƙananan gidaje da dabbobi na koyarwa. Kawu Babayo, ƙanen Adda, kullum cikin yi masa gori yake, wai ƙato da gemu yana wasan yara, ya zo ya riƙe masa shagon siminti ya zama mutum. Ita kuwa Adda ba ta taɓa cewa e ko a'a ba, kuma shirun nata ne yake cin Hamma fiye da bakin Kawu.

Bana sai gidan tarihi na cikin gari suka ba shi aiki, ya gina musu ruga sukutum ta laka da za a sa a cikin gilashi. Rani guda ya yi a kanta, har ya rame. Ranar da aka kafa ta ya zo ya same ni ina ɗinki, ya ce mini shi ya yanke shawara. In Adda ta je ta tsaya ta kalli aikin nan, zai ci gaba da sana'arsa. In ta wuce ba ta kalla ba, ya gane ra'ayinta ɗaya da na Kawu, zai rufe shago ya koma ɗaukar siminti. Na ce masa wannan ai rigima ce, ya san halin matar nan. Ya ce ya sani, shi ya sa. Na duba fuskarsa na ga babu wasa.

Da na tunkari Adda da maganar zuwa, kallon da ta yi mini kamar na zage ta. Wai so nake a ce ta kwance bakin zani ta biya kuɗin shiga don kallon aikin wancan? Ina za ta kai kunyar? Na yi lallashi, na yi fushi, na bar mata ɗakin. A banza.

Allah da ikonsa, sai ga sanarwa a rediyo cewa ranar Asabar an buɗe gidan tarihi kyauta ga kowa. Na ƙara murya yadda za ta ji, na ce wa maƙwabciyata ta kan katanga ai unguwa duk za a tafi, har da tsofaffi. Adda ta ci gaba da tsince shinkafa. Can sai ta ce, tun da kyauta ne kowa ma zuwa zai yi, ba wanda zai ce don wani aka je, kuma ta ji an ce akwai tsofaffin ƙore na da. Asabar da safe na fito na tarar ta riga ni shiri, ta ɗaura atamfar da take ajiya don biki, har da turare. Na ce a raina, lallai ƙoren nan sun ci sa'a.

Keke ya kwashe mu daga Tumfure, muna tafe ana ta jijjiga mu har cikin gari. Muka tarar da wurin ya cika maƙil. 'Yan makaranta cikin kayan makaranta, masu hidimar ƙasa, matan zumunta na coci da zannuwansu iri ɗaya, ga masu awara da zoɓo sun kafa kasuwa a bakin ƙofa. Wata ma'aikaciya mai fara'a, Madam Edna, ita ke tsaye a ƙofa. Takan buga wa kowa hatimi mai shuɗin tawada a bayan hannu, ta tura mutane rukuni rukuni, mai bayani ya zagaya da su su fita ta ɗaya ƙofar, sannan wasu su shiga.

Gaskiya na ji daɗin zagayen, ba zan yi ƙarya ba. Shekaruna nawa a garin nan ban taɓa leƙawa ba. Ga ganguna masu tsayin mutum, ga gwado na saƙin hannu da ya sa ni mai ɗinki na ji kunyar kaina, ga tukwanen da za a dafa wa unguwa guda abinci. Adda ta tsaya kan ƙoren nan tana ta murmushi, tana nuna mini irin zanen da kakarta take yi.

Sai muka shiga ɗaki na ƙarshe, ga rugar Hamma a tsakiya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Rugarmu ce, ba wata ba. Bukkokin kara, tsamiyar da muke lilo, garke a kwance wasu a tsaye, kowace saniya da launinta da irin ƙahonta. Har da wata mace a durƙushe tana tatsa. Hamma yana tsaye daga gefe cikin sabon kaftani, yana ta murza hannu kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Adda ta shigo, ta juya wa gilashin ƙeya, ta nufi bangon da ke ɗaya gefen inda aka rataye wata tsohuwar garma mai tsatsa. Ta tsare mai bayani da tambaya a kan garmar nan. Matar da ba ta taɓa noma ko kuyya ɗaya ba a rayuwarta! Har aka ce rukuninmu ya fita, ƙeyarta kawai rugar ta gani.

Da muka fito na kasa haɗiye abin. Na ce mata, “Adda, wannan ba kunya ba ce, zalunci ne.” Ta ce ƙafarta na ciwo, za ta zauna a inuwar dogonyaro, in je in sha iska in dawo.

Na zagaya bayan ginin, inda aka kafa rumfa aka sa Hamma ya koya wa yara ginin laka. Na same shi ya tuɓe kaftanin, yana murza ƙahon saniya yana nuna musu, murya a sanyaye. Kafin in buɗe baki ya ce in bar shi, ya gani da idonsa, da yamma zai kira Kawu. Na zauna kusa da shi. Na sayi awara na ci don haushi, na ƙara saye, na taya yaran kwaɓa laka har na ɓata zanina. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san siminti kashe masa zuciya zai yi.

Rana ta take na koma gindin dogonyaro in ɗauki Adda mu tafi. Babu Adda. Na duba wajen masu zoɓo, na duba masallaci, na leƙa titi. Hankalina ya fara tashi, don matar nan ba ta san gari ba kuma ba ta riƙe waya. Na je wajen Madam Edna ina haki, na kwatanta mata tsohuwa fara, siririya, mai atamfa ruwan ganye.

Madam Edna ta tuntsire da dariya har ta dafa tebur. Ta ce, “Mamanki ce? Ai tana ciki. Tun safe take fita ta waccan ƙofar ta dawo ta bi layi. Ta shiga da 'yan firamare, ta shiga da masu hidimar ƙasa, yanzu ta bi matan zumunta. Na ce mata hatimi ɗaya ya isa, ta ce a'a, a buga mata kamar kowa. Bayan hannunta ya cika, mun koma tsintsiyar hannu.”

Na tsaya baki buɗe. Sannan na kwasa a guje, ni da nauyin jikina, na fizgo Hamma daga cikin yara da laka a hannunsa. Madam Edna ta shigar da mu ta ƙofar fita, muka laɓe a bayan wata ƙatuwar randa a ɗaki na ƙarshe.

Ba a jima ba matan zumunta suka shigo da hayaniyarsu, Adda a tsakiyarsu, ita kaɗai mai atamfa daban. A cikinsu babu wanda ya san ta, babu wanda ya san wane ne ɗan farinta. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ga Hamma ba ya wurin da yake tsaye da safe. Sai ta kutsa ta wuce kowa, ta manna goshinta da gilashin.

Matan suka kewaye rugar suna ta yabo. Wannan ta ce dubi wuyan bijimin nan, waccan ta ce kamar za su yi motsi, wata ta ce mai hannun nan ba dama. Ina kallon Adda na ga ranta yana ɓaci. Ta ɗago ta juyo musu, da muryar da take kora mu da ita muna yara.

“Ku ce tubarkalla mana. Haka ake yabon abin mutane, baki a sake? Ku ce tubarkalla.”

Matan suka kalli juna, suka fashe da dariya, suka haɗa baki suka faɗa kamar masu amshin waƙa. Adda ba ta yi dariya ba. Ta motsa leɓe ta yi addu'arta, ta tofa a kan gilashin ta kowace kusurwa yadda take yi wa garke in zai fita kiwo, sannan ta sa gefen mayafinta ta goge.

Wata daga cikinsu da suke kira Jummy ta dafa ta ta ce, “Mama, kin san wanda ya yi ne?”

Adda ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Ni ban ce na san shi ba. Shanun ne na sani.”

Daga nan ta shiga nuna musu da yatsa. Wannan ja ɗin ita aka ba ta ranar aurenta. Waccan mai karyayyen ƙaho shuri take yi, sai an yi mata waƙa take tsayawa a tatse ta. Wannan baƙar a shekarar ciwon huhu ta mutu, yaron da ke kiwonta ya kwana biyu bai ci abinci ba, ashe bai manta da farin da ke goshinta ba. Da ta zo kan matar da ke tatsa sai ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Mai bayani ya buɗe baki zai ce lokaci ya yi, Jummy ta harare shi ya mayar ya rufe.

Na juya wajen Hamma na gan shi a tsugune, ya rufe fuska da hannunsa mai laka, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko kuka yake ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na kasa riƙe kaina, dariya ta kuɓuce mini da ƙarfi, randar ta amsa.

Adda ta waigo ta gan mu. Nan take ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɓoye hannuwanta masu shuɗin hatimi a ƙarƙashinsa. Ta dube ni, ni kaɗai, ta ce waje zafi ne, ciki kuma akwai fanka, shi ya sa take shigowa. Na ce haka ne Adda, fankar nan kam ta yi. Matan zumunta suka kalli Hamma da laka a fuska, suka kalli Adda, suka gane. Jummy ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, Adda ta fice kamar an koro ta.

Da la'asar Hamma ya ce zai raka mu gida. Muka tare keke, ni da Adda a baya, shi ya zauna gaba a gefen direba. Muka bar cikin gari, muka miƙe hanyar Tumfure, gonaki suka fara bayyana tsakanin sababbin gine-gine. Adda tana ta murza bayan hannunta da yawu, tawadar ta ƙi fita.

Sai da muka kusa kwanar gidanmu ta yi gyaran murya. Ta ce mini, da ƙarfin da ya fi ƙarar keken, “Safiyyatu, rugar can ba a ɗaure maruƙa ba. Ba a tatsar shanu maruƙa suna sake. Ki faɗa masa, in zai gina ta gaba, ya zo in nuna masa yadda ake ƙulla dangwalin ɗaure su.”

Hamma bai juyo ba, idonsa na kan hanya, amma ina ganin kunnuwansa suna motsi don murmushi. Ya ce, “Ki ce mata gobe zan zo da igiya.”