Darasin Caecus a Gidan Murena

Shekara guda ke nan idanun Malam Kalbenus suka mutu, amma ban da matarsa Tertulla ba wanda ya sani a duk Ostiya, garin tashar jiragen ruwan Roma. Ya haddace taku arba'in da biyu daga ƙofarsa zuwa gidan Murena, attajirin romon kifi da ya ɗauke shi don ya gyara masa baki kafin ya nemi kujerar majalisa. Wa zai riƙe malamin nahawu makaho? In aikin nan ya tafi, sai bara a bakin jirgi. Shi ya sa kullum yake buɗe takarda yana kaɗa kai kamar mai karatu.

Ran nan sai baitin da suke kai ya zo da kalmar da ya fi tsoro.

"Caecus," ya ce. "In mace ce caeca, in abu ne caecum. Tsohuwar kalma ce, ranka ya daɗe, ta girmi katangar Roma, ba aro ba ce daga Girkawa. Kuma baki biyu gare ta. Wanda ba ya gani caecus ne. Abin da ba a gani, kamar dutsen da ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa, shi ma haka."

Murena na kishingiɗe yana tsotsar zaitun. "Kalma ɗaya aiki biyu? Da baiwa ce da na saya."

Kalbenus ya ji ya gaji, gajiya irin ta mai ƙarya. Ya naɗe takardar, ya miƙe, ya gyara mayafinsa yadda mutum zai karɓi kora da mutunci.

"Ranka ya daɗe, ni ma haka nake. Shekara guda ban ga ko tafin hannuna ba. Na ɓoye maka."

Ya tsaya jiran ashar. Sai ya ji ƙwallon zaitun ya faɗa kwano.

"Kai haba? To, Allah ya sawwaƙe. Ci gaba mana, Malam... af, Kalbinus ne ko Albinus? Kai ne dai mai gemun nan ko?"

Kalbenus bai taɓa ajiye gemu ba a rayuwarsa. Ashe Murena bai taɓa ko duban fuskarsa ba. Ya zauna, ya sake buɗe takardar, ya ma rasa dalilin buɗe ta.