Munduwar Is'haƙa Ɗan Ingila

Ranar da Is'haƙa ya dawo Dogon Dutsi daga Ingila, ni Hindatu na riga kowa shiga gidan ƙanwarsa Ajuma, don katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma katangar tana da wata ɓaraka da ban taɓa yarda a toshe ba. Mutum ya tafi tun yana saurayi, ya tuƙa motar haya a ƙasar Turawa har kansa ya yi fari fat, bai gina ko ɗaki a Dumega garin ubansa ba, bai aiko wa kowa ko babur ba. Sai ga shi da jaka guda da wani akwatin katako rungume a ƙirji, ko ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi daga tasha bai yarda ya taɓa ba. Kafin la'asar na sanar da matan unguwa cewa zinari ne. Ban gani ba, amma me kuma namiji zai runguma haka?

Da aka matsa masa sai ya buɗe. Cikin akwatin wasu siraran aljihuna ne da aka shimfiɗa wa jan ƙyalle, da ramuka jere kamar gurbin dara. Kowane rami da ɗan kwabo a ciki, bai fi farcen babban yatsa ba, baƙi-baƙi, siriri kamar ɓawon albasa.

Ajuma ta leƙa ta ce, "Yaya, to ina dukiyar?"

Ya ce, "Ita ke nan."

Ɗanta Musbahu, mai shagon wayoyi a bakin kwalta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu, wanga ko mai ƙosai ba ta amsa tai."

Daga ranar kowa ya watse daga kansa. Ni kaɗai na rage, ina shiga da safe aron rariya, ina zama. Shi kuwa ya samu kunne. Ya ce kuɗin azurfa ne na ƙasar Ingila, sun haura shekara dubu, tun lokacin da ƙasar take gutsi-gutsi, kowane yanki da sarkinsa kamar yadda Tibiri take da nata, Matankari take da nata. Kowane sarki yana sa a buga hoton kansa da sunansa a jikin kuɗin, maƙerin ma yana sa nasa sunan a baya. Har manyan limaman cocinsu an ba su izinin buga nasu. Ya ce yawanci a gonaki ake tono su, wasu mutane ke yawo da sanda mai kuka idan ta ji ƙarfe. Ɗaya bayan ɗaya ya saye su, duk tsawon zamansa can. Bai yi aure ba, bai haihu ba. Su ke nan.

Yana da wani gilashi mai ƙara girman abu, yakan kara mini a ido. "Inna Hindatu, dubi, wannan Offa ne. Wannan Alfared." Ni dai hanci nake gani da wani ido kamar na kifi. Wanda ya fi so wani babban limamin coci ne, Wulfared ko wa, mai aski a tsakiyar kai, yana kallon mutum gaba da gaba. Na taɓa miƙa hannu zan goge shi da bakin zane don ya yi haske, sai mutumin nan ya daka mini tsawa kamar na taka masa jariri. Wai ba a gogewa, wai baƙin nan shi ne shekarunsa, wai gefe kawai ake kamawa. Na ce to, Allah ya ba mu lafiya.

Lafiyar kuwa ita ta tafi. Lokacin yankan hatsi ya faɗi a bakin randa. Da aka dawo da shi daga likita, ɓarin hagu ya mutu, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ba abin da ke fita sai gurnani. Amma hankalinsa ras. Kullum da hantsi sai ya jawo akwatin da hannun dama, ya buɗe, ya ɗauki gilashi, ya bi su ɗaya-ɗaya yana motsa leɓe. Duniyarsa ke nan da ta rage.

To a gidan nan, Ajuma da ɗanta ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba tun da ya ɗage wandonsa ya bar gemu. Ita har gobe tana zuwa wurin wata tsohuwa ƴar bori can wajen Ɗan Kassari, shi kuma yana ce mata shirka a gaban baƙi. Ciwon Is'haƙa ne ya haɗa su.

Ajuma ta je Ɗan Kassari ta dawo da labari. A tsakar gida ta zuba shi, Is'haƙa yana kan tabarma tsakaninsu kamar turmi.

"An duba. Abin da aka tono cikin ƙasa yana da masu shi. Iskokin wurin ne sunka biyo kayansu har nan, sunka riƙe mai harshe."

Musbahu ya ce, "Inna, bar zancen iska. Ni abin da ni gani, gumaka ne. Kawunan mutane, ga gicciye a bayan kusan kowane, har da limamin kafirai. Mala'ikun rahama ba su shiga gida da wanga kaya. Mi zai hana ciwo?"

"To ai magana guda muke, ɗan nema."

"Ba guda ba ce."

"Su fita dai?"

"Su fita."

Is'haƙa ya ɗora hannun dama a kan akwatin, yana kallon wannan, yana kallon waccan, yana gurnani. Ajuma ta ce, "Ka ji ko? Su ne ke magana ta bakinai."

Sai gardama ta koma kan yadda za a yi. Ita ta ce a binne su a mayar wa ƙasa kayanta. Shi ya ce binnewa hidima ce ga aljanu, a watsa su masai. Ni kuwa ina gefe da rariyata, tambaya kawai na yi. Na ce, "Wai azurfa ce ko ba azurfa ba? Na ga dai wuta tana cin fuska, kuma ban san iskar da ke son zugazugi ba. Munduwar azurfa kuwa tun kakanninmu ana sa wa hannun da ya mutu."

Uwa ta kalli ɗa, ɗa ya kalli uwa. Rabon da in ga sun yi wa juna murmushi tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko. Musbahu ya ce shi bai yarda munduwa tana magani ba, kuma ado ne na mata, amma ciwo lalura ne, in dai kawunan za su narke ba zai hana ba.

Ranar da Musbahu ya ɗora kawunsa a amalanken jaki ya kai shi tausa wurin likita, ni da Ajuma muka juye aljihunan cikin ƙoƙo muka nufi kasuwa wurin Iro maƙerin fari, mai aikin azurfa. Duka-duka ba su rufe gindin ƙoƙon ba. Rayuwar mutum guda, in ka girgiza sai ta yi ƙara kamar tsakuwa a shinkafa.

Iro ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya goga a dutse. Ya ce, "Azurfar ba laifi. Mai su ya sani?"

Ajuma ta ce, "Mai su ba shi magana."

Ya zuba su cikin ɗan kasko, ya tura cikin gawayi, ya hau zuga. Na matsa kusa don kada a ba ni labari. Da fari baƙin nan da aka hana ni gogewa ya tashi. Sannan suka yi ja, gefensu ya fara naɗewa kamar ganyen da aka jefa a wuta. Sarakuna suka shiga cikin juna, hancin wannan a kunnen wancan. Limamin mai aski yana sama, shi ya fi daɗewa, yana kallona gaba da gaba har goshinsa ya lotsa. Sai duk suka zama ɗigo guda mai sheƙi yana rawa. Iro ya zuba, ya buga, ya lanƙwasa. Munduwa ta fito siririya, fara tas. Wallahi ta fi su kyau nesa ba kusa ba.

Mun riga su dawowa gida. Aka kwantar da Is'haƙa, ya miƙa hannu ya jawo akwati. Ya ja aljihun farko. Ya ja na biyu. Ya riƙa sa yatsa cikin kowane rami yana shafa jan ƙyallen, har ya kai ƙarshe, ya sake farowa. Sai Ajuma ta durƙusa ta zura masa munduwar a mataccen hannu.

"Ga su nan, Yaya. Ba wanda ya ci maka ko ɗaya. Yanzu su za su yi maka aiki."

Ya daɗe yana kallon munduwar. Na ga lokacin da ya gane, don gefen fuskarsa mai rai ya koma daidai da mataccen. Ya sa hannun dama ya zare ta, ya yi jifa da ita har cikin akurkin kaji.

Aka ɗauko, aka wanke, aka mayar. Ya sake jifa. Kwana da kwanaki ana haka, har ta faɗa tukunyar miya. Ajuma ta ce masu abin ne ke gardama. Musbahu, da yake ɗan kasuwa ne mai dabara, ya ce, "Ku sa mai ita a hannun da ke cirewa mana. Da wane zai cire?"

Aka kira Iro har gida da awartakinsa. Musbahu ya danne kafaɗa, Ajuma ta riƙe gwiwar hannu, ni na riƙe wa Iro jakarsa. Ya zura munduwar a hannun dama, ya matse bakinta ya haɗe. A nan ne Is'haƙa ya buɗe baki. Mutumin da tun kaka ba a ji kalma daga gare shi ba, sai ga Turanci yana zuba, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta ɓarakar katangata. Cikin abin da yake faɗi na tsinci Offa, na tsinci sunan mai askin nan, yana kiran su kamar mai kiran ƴaƴansa da suka faɗa rijiya. Hawaye ta ido ɗaya kawai suke zuba.

Ajuma ta saki hannunsa ta rangaɗa guɗa. "Ya yi magana! Jama'a, harshe ya saki!" Musbahu ya ce alhamdu lillahi, gida ya tsarkaka. Mata suka cika tsakar gida ana barka, wata ma ta tambayi ko akwai ragowar azurfar, mijinta yana da ciwon ƙafa.

Daga ranar bai sake cewa uffan ba, amma Ajuma ta ce a hankali ake warkewa. Akwatin yana shagon Musbahu, yana jera ƙananan katunan waya a ramukan, ya ce kamar don su aka yi shi. Gilashin kawai aka bar wa Is'haƙa. Da yake hannun da zai riƙe shi shi ne mai munduwar, sai ya koyi cije ƙotarsa da haƙori, ya ɗago wuyan hannu kusa da fuska, yana juya shi a hasken hantsi, yawu na zuba a rigarsa. Yana bin azurfar gefe zuwa gefe, ko zai ga hanci, ko harafi guda.

Jiya na shiga mayar da rariya na tarar da shi a haka. Na ce, "Ɗan Ingila, an ga mai askin kuwa?" Bai ɗago ba. Na leƙa ta kafaɗarsa na duba da kaina. Ba komai a jiki sai sawun gudumar Iro.