Farin Tayil a Kicin ɗin Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan Auta tana zaune da mahaifiyarsu, su biyu a gidan, tun bayan rasuwar Baba. Nas ce a wani ƙaramin asibiti. Ita ke kai Inna wurin likitan ido, ita ke ɗiga mata magani safe da yamma, ita ta san cewa idon hagu ya tafi, na dama kuma ba ya rarrabe abu sai in launinsa ya bambanta da na kusa da shi. Farin kofi a kan farin faranti, a wurin Inna babu kofi. Amma duk da haka ba ta yarda kowa ya dafa mata shayi. Ta ce ranar da aka raba ta da kicin, a fara yi mata addu'a.

Kicin ɗin kuwa ya gaji. Simintin ƙasa ya farfashe, akwai wani rami gaban wurin wanke-wanke da ruwa ke kwanciya a ciki, bango ya yi baƙi da hayaƙi. Da Yaya, babban wansu da ke aiki a wani gari mai nisa, ya ji labari, sai ya turo kuɗi. Auta ta ɗora nata a kai, kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ta daɗe tana tarawa. Kuɗin ba su da yawa, sai an yi dabara za su kai.

Asabar uku ta yi tana yawon shaguna da Inna. A kowane shago sai ta sa a shimfiɗa tayil a ƙasa, ta yayyafa masa ruwa daga gorarta, ta ce Inna ta taka. Masu shago suna ta hararar ta, ba ta kula ba. A ƙarshe suka tsaya a kan wani mai ruwan ƙasa, mai kaushi, wanda aka karya wa farashi saboda ba a sayensa. Bango kuma Inna da kanta ta zaɓi ruwan ƙwai, fenti mai wankuwa, ta ce shi ne take gani tun daga tsakar gida.

Auta ta ɗauki hoto ta tura wa Yaya. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira.

"Auta, wannan kicin za a yi ko garejin kanikawa?"

"Yaya, shi ne ba ya santsi. Kuma Inna tana ganinsa."

"Antinki ta nuna min wani a waya, fari tas, ƙasa da bango. In kin gani sai kin ce ba a girki a ciki."

"To ai mu girki za mu yi a namu."

Ta yi masa bayanin idon Inna dalla-dalla. Ta sake yi masa washegari, ta kuma rubuta masa a saƙo. Ya ce, "To, na ji, za mu gani."

Ana cikin haka asibiti suka tura ta kwas na kwana shida. Kafin ta tafi ta kira mai tayil, ta ba shi samfurin a hannunsa, ta rubuta lambar fentin a jikin bango da alli, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa Inna. Kullum in ta kira, Inna sai ta ce, "Aiki na tafiya, ki mai da hankali kan karatunki."

Ranar da ta dawo, tun daga ƙofar gida ta ga abin da ya ɗaure mata kai. An fito da ƙaramin risho an ajiye a baranda, ga tukunyar shayi a kai, ga gwangwanin sukari a ƙasa. Ta ajiye jaka ta leƙa kicin, sai da ta runtse ido. Fari. Ƙasa fari mai sheƙi kamar an zuba mai, bango fari, har kantar da ake jera kwanuka an shafe ta da fari. 'Yar matakalar da ke bakin ƙofa, wadda ake sauka a shiga, ta ɓace cikin farin, ita mai ido biyu ma sai da ta laluba da ƙafa. Bayan ƙofa kuwa tayil bai kai ba, an bar tsohon siminti kamar faɗin tabarma.

Ta sami Inna a ɗaki, zaune bakin gado, ta miƙe ƙafa ɗaya.

"Inna, me ya sami gwiwarki?"

"Ba komai, 'yar buguwa ce."

Auta ta ɗaga zanin. Gwiwar ta kumbura, ta yi baƙi.

"A kicin kika faɗi?"

"Ruwa ne ya zube ban gani ba. Kar ki gaya wa yayanki, ya kashe kuɗinsa."

"Kuɗinsa? Nawa fa? Ƙafarki fa?"

Ko takalmi ba ta sauya ba ta nufi shagon mai tayil. Yana ganin ta ya miƙe yana goge hannu a riga.

"Malama, wallahi ba laifina ba ne. Kina tafiya yayanki ya kira ni, ya ce shi ne babba, shi ya biya, a sa fari."

"Shi ya ba ka samfuri a hannu ko ni?"

"Ke ce. Na ma gaya masa wannan na falo ne, in ya jiƙe ko akuya ba ta tsayuwa a kai. Ya ce in yi abin da aka sa ni."

"Ba ka da lambata?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce kar a dame ki, so yake ki dawo ki ga abin mamaki."

"Na kuwa gani. Bayan ƙofa fa, me ya hana ka ƙarasawa?"

"Farin ya fi tsada, kwali biyu suka rage ba a saya ba. Shi ya sa ma fentin aka sayi na araha."

Sai a lokacin ta duba kafaɗarta inda ta jingina da bangon. Rigar ta yi fari fat kamar ta yi dambe da buhun fulawa.

A hanya ta kira Yaya. Bai bari ta kai aya ba.

"Ke yanzu maimakon ki ce an gode? Mutum ya cire kuɗi ya yi wa uwarsa abin fita kunya, ki zo kina yi masa tsawa? Ni fa ba sa'anki ba ne."

"Ban ce kai sa'ana ba ne, Yaya. Cewa na yi Inna ta faɗi."

"Tsufa ne. A tsohon kicin ɗin ba ta taɓa tuntuɓe ba? Za ta saba."

Ya kashe wayar. Auta ta tsaya bakin titi. Mutumin da sau biyu yake zuwa a shekara, ya kwana biyu ya tafi, shi ne zai gaya mata abin da Inna za ta saba da shi. Bai san ko sunan maganin idon ba.

Kwana tara ana girki a baranda. Inna ba ta ƙara taka kicin ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, shirun nan ya fi komai ƙona wa Auta rai. In ta dawo daga aiki sai ta tarar da ita zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana yanka albasa a cinya, iska na kashe mata risho.

Ranar Asabar sai ga Yaya da matarsa Anti, da tsaraba niƙi-niƙi. Bayan gaisuwa suka wuce kicin kai tsaye. Anti ta tafa hannu.

"Kai, ma sha Allah! Kamar ba gidan ba."

Yaya ya fito da waya yana ɗaukar hoto ta ko'ina, yana kauce wa bayan ƙofa. Sannan ya ɗaga murya. "Inna, zo ki tsaya gaban kantar nan in ɗauke ki, in tura wa dangi."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta naɗe hannu ta tsaya gefe, kusa yadda za ta iya tare ta.

Inna ta taso tana ɗingishi, don ba ta iya ce wa ɗanta na fari a'a. Da ta iso bakin ƙofa ta tsaya cak. Ta miƙa ƙafa tana neman matakala, ta janye. Ta sake miƙawa. Ta ɗora tafin hannu a bango tana shafawa, tana bin sa kamar baƙuwa a gidan da ta yi shekara arba'in a ciki. Da ƙafarta ta sauka kan tayil ɗin, sai ta ƙanƙame ƙofar da hannu biyu.

"Ina kake? Yi magana in ji inda kake."

Yaya yana tsaye gabanta, taku uku, cikin farar riga. Ya sauke wayar a hankali. Ya dubi hannun Inna da ya yi fari da fenti, ya dubi gwiwar.

"Ai da an faɗa min abin ya kai haka..."

Nan Auta ta fashe.

"Da an faɗa maka? Sau uku na faɗa maka! Yana nan a wayar da ke hannunka, buɗe ka karanta. Asabar uku ina jan tsohuwar nan shago-shago da gorar ruwa, ana yi min kallon mahaukaciya. Kai kuma daga hoto ɗaya ka rushe komai, har ka ce kar a gaya min. Kuɗina na ciki, ban yi maganarsu ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, Yaya. Kai baƙo ne a kicin ɗin nan."

"Auta," in ji Inna, "yayanki ne."

"Na sani, Inna. Shi ya sa na yi shiru kwana tara."

Anti ta zame ta koma falo. Yaya ya sa wayar a aljihu. Ya kama hannun Inna ya mai da ita baranda, ya zauna a ƙasa kusa da rishon, ya daɗe yana kallon sa. Can ya ce, "Nawa za a kashe a cire tayil ɗin?"

Auta ta ce, "Ba mu da kuɗin. Ko muna da su, ba zan sake bari a yi wa Inna sati ana fasa ƙasa ba."

Da la'asar shi da Auta suka tafi kasuwa a motarsa. Ta zaɓi ledar ƙasa mai kauri, ruwan ƙasa, mai kaushi, mafi araha a shagon. Ta ɗauki galan ɗaya na fenti ruwan ƙwai mai wankuwa, da ƙaramin gwangwani na shuɗi mai duhu. Ya biya bai tambaya ba. Sau ɗaya kawai ya nuna wata leda mai haske ya ce, "Wannan fa?" Ta dube shi, ya mai da hannu aljihu.

Washegari ya tuɓe riga ya kankare bango, farin na zubo masa a ka. Bai iya riƙe burushi ba, ya ɗiɗɗiga fenti har a gira, amma ya yi. Auta ta ja layin shuɗi a bakin matakala da gefen kanta. Mai tayil ya zo da kansa ya manna ledar, ya ƙi karɓar ko sisi. Haka aka binne tayil mai tsada ƙarƙashin leda, sabo fil.

Da fenti ya sha iska, Inna ta zo bakin ƙofa, ta dubi ƙasa, ta tsallake layin shuɗin ba tare da ta dafa komai ba. Ta zagaya, ta taɓa famfo, ta ce a shigo mata da tukunyarta. Sannan ta kore su duka, wai sun tsaya mata a kai.

Da za su tafi, Yaya ya leƙo ta tagar mota, har yanzu da ɗigon fenti a kunnensa.

"Amma dai ki faɗi gaskiya, farin ya fi kyau a ido."

"A idon wa?"

Ya yi 'yar dariya, ya tada mota. "To, in an tashi gyaran banɗaki ki kira ni."

"Zan kira ka," in ji Auta, "ranar da aka gama."