Ɗan Sama-Jannatin Nea Ilarie

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku gyara zama.

"Maido min! Maido min nan!" Nea Ilarie, wato Baba Ilarie a yarenmu, shi ne ke ihu daga kan gado. Jikar mai burodi tana tsaye riƙe da sojan roba, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Haba Ilarie, kai fa ka ba ta."

"Na ba ta, ta ce min 'na gode'. Ji fa, Floarea! Sai ka ce gishiri na ara mata."

Maƙwabcina ne a benenmu na garin Craiova a ƙasar Romaniya, ƙofa na kallon ƙofa, tun kanmu bai yi furfura ba. Matarsa ta riga shi tafiya. Shi kuwa ba giya, ba caca, kayan wasa kawai. Duk Lahadi yana kasuwar gwanjo yana tonon sojojin roba da kaboyi irin na yarintarmu, ya zo ya jera su a kabad mai gilashi. Babu mai taɓawa, ko ɗansa Sorin.

Da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa a gida, sai ya ce zai yi sadakarsa da hannunsa. A wurinmu, abin da ka bayar sadaka shi za ka tarar a lahira. Amma sai mai karɓa ya ce "bogdaproste", wato "Allah ya gafarta". In ya ce "na gode", ta zama kyauta, a nan za ta tsaya. Shi kuma ya rantse ba zai je can ba tare da mutanensa na roba ba.

Yawancin yaran unguwa iyaye sun kwashe su Italiya da Sifen, na nan kuma ba su san kalmar ba. Sai na bi bene ina ƙwanƙwasa wa tsofaffi ƙofa.

Nea Gicu, abokin faɗansa, ya shigo da sandarsa. "Kai Ilarie, bataliya guda za ka tafi da ita? Waliyyi Bitrus mai tsaron ƙofar Aljanna za ka yi wa juyin mulki?"

"Je ka wanke hannu, warin tafarnuwa kake."

"Tun yaushe nake roƙon ka bar ni in taɓa kaboyin nan?"

"Ga shi. Faɗi kalmar, tsohon banza."

Gicu ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Can ya ce, "Bogdaproste."

Haka muka yi ta yi, tsofaffi na fita da sojoji a aljihu, har kabad ya zama wayam. Saura ɗaya, wani ɗan sama-jannati na gwangwani mai mabuɗi a baya, wanda babansa ya sayo masa yana ƙarami.

Na miƙa hannu. "Kawo, ni na iya faɗa."

Ya miƙo, sai ya janye. Ya murɗa mabuɗin, abin ya yi taku a kan bargo, ya kife. Ya yi dariya har da tari.

"Gobe, Floarea. Bari ya kwana."

Gobe ma haka ya ce, jibi ma. Wata safiya na kawo masa miyar kaza, na tarar ya cika, abin na hannunsa.

Sorin ya zo daga Sifen. Bayan an binne, na ja shi kicin na ce, "Ɗana, karɓi wannan daga hannuna ka faɗi kalmar. Ka ga ya zama naka, kuma ya isa wurin babanka."

Ya daɗe yana juya shi. "Tanti, ta gilashi na san abin nan. Na taɓa kai masa hannu, sai da na kwana ina kuka."

"To ai yanzu..."

"Yana da sojoji da yawa a can."

Ya sa shi a aljihun kwat, ya sumbaci hannuna, bai faɗa ba.

Gicu ya bi abokinsa kafin bazara. Sorin ya sayar da gidan ya koma Sifen da ɗan sama-jannatin. Sababbin maƙwabta sun fito da kabad ɗin bakin matakala, wata mata tana jera tukwanen fure a ciki.