Hoton Inna a Kwamfutar Godfrey

"Koma baya," in ji Dokta Zipora. "Hoton da ya wuce."

Godfrey ya danna kwamfutar da ke kan cinyarsa. Sai ga Inna, mahaifiyata, da ƙwaryar nono a ka. A ƙasa an rubuta sunan rugarmu ta hanyar Agwada, da sunan cutar da aka samu: bakkale, mai sa shanu ɓari, mai kama mutum ta ɗanyen nono.

Ni na shigo ne in tayar musu da janareta. Katanga ce kawai tsakanin gidan Dokta da ɗakin da nake haya a Gangaren Tudu, ina acaɓa tun da na gama sakandare. An sallamo ta daga asibiti a Abuja, ba don ta warke ba. Aikinta koya wa sababbin masu bincike yadda ake shiga ƙauye. Godfrey ne ɗalibinta na ƙarshe, kuma tana kwance ya je rugarmu shi kaɗai.

"Gobe zan nuna a taron Abuja, Mama," ya ce. "Da shi za su ɗauke ni aiki."

Idan hoton nan ya shiga wayoyin mutane, babu mai ƙara tsugunawa gaban ƙwaryar Inna a kasuwar Keffi.

"Wa ka tambaya?" in ji Dokta.

"Malam Jumare, maigidan. Ya yarda."

"Shanun nasa ne. Nonon fa?" Ta tsaya neman numfashi. "A ruga nono na mace ne. Ka tambaye ta?"

"Tana wurin. Murmushi ma ta yi."

Dokta ta juyo da ido. "Hussaini, uwarka na ce wa baƙo a'a?"

"Ba ta yi."

"Ta san sakamakon?"

Godfrey ya sunkuyar da kai.

"Abuja za ta sani kafin mai nono." Tari ya sarƙe ta. Ƙanwarta Caroline, mai jinyarta, ta ɗago mata kai tana hararar Godfrey.

"Mama, in na tafi yanzu, kila kafin in dawo..."

"Nonon shanuna ka ɗiba ka gwada? Tashi ka je ka gaya mata."

Na ɗauke shi a mashin. Muka bar kwalta. Ina jin wayarsa na rawa a aljihu, yana ƙin dubawa. Da a ce ya ce mu juya, ban san me zan yi masa a dajin nan ba.

Mun tarar da Inna tana wanke ƙore. Ya durƙusa, ya yi mata bayani da Hausarsa ta makaranta, ina juyawa da Fillanci. A tafasa nono, a kira likitan dabbobi. Ta saurara. Sannan ya buɗe kwamfutar, ya nuna mata kanta.

"Inna, kin yarda mutanen Abuja su gani?"

Ta daɗe tana kallo. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki faifai, ta rufe fuskar da ke cikin gilashin.

"To ai ba ta hana ba," ya ce da ni ƙasa-ƙasa.

Na kalle shi kawai.

Ya ɗaga faifan, ya goge hoton da sunan rugar, ya juya mata kwamfutar ta ga babu.

Tun daga kwanar layinmu na lura janareta a kashe yake. Takalman mata sun cika ƙofar, ana waƙar coci a hankali. Godfrey ya sauka kafin in tsaya.

"Kafin ta cika ta tambaya ko kun isa," in ji Caroline. "Na ce kun isa."

Washegari Godfrey bai je Abuja ba, yana tsakar gida yana jera kujerun zaman makoki. Da hantsi Inna ta iso, ba ta biya kasuwa ba. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofar Dokta, ta zauna a gefen tabarmar matan coci. Madarar ciki dafaffiya ce. Tururi na fita ta gefen faifan.